Tambaya da Amsa: GBWhatsApp, kwaɗon burauza da tsohuwar kwamfutar shago

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Saƙonni sun taru sosai a makon nan, na tsamo guda biyar, sauran kuma ku yi haƙuri suna nan a layi. Kamar kullum ba ma saka sunan kowa, garin mutum kawai muke faɗa.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Gusau: Malam barka da aiki, dan Allah matsala gare ni, shekara uku kenan ina amfani da GBWhatsApp saboda ina saida atamfa da leshi ta waya, shekaranjiya kawai na tashi naga an rubuta wai an dakatar da lambata na wasu awanni, yau kuma sun ƙara yi, ni meye laifina? kuma wani yaro a layinmu yace in kawo wayar ya sa min wani sabo da ba a iya rufewa, in bashi?

Amsa: Hajiya kar ki bashi, wallahi kar ki bashi. Babu wani wanda ba a iya rufewa, duk wanda ya faɗa miki haka ko dai bai sani ba ko kuma kuɗin sawa yake nema. GBWhatsApp da FMWhatsApp da YoWhatsApp duk ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, wasu mutane ne da ba a san su ba suka ɗauki manhajar ta asali suka farke ta suka cusa nasu abubuwan suka sake ɗinkewa, shi yasa ba zaki taɓa samun su a Play Store ba sai dai a tura miki ta Xender ko ki sauko da su daga wani shafi. Tun 2019 kamfanin ya fara dakatar da lambobin masu amfani da su, farko na ɗan lokaci kamar yadda aka miki, in mutum ya ƙi komawa ta asali sai a rufe gaba ɗaya, kuma ke lambar nan ita ce shagonki, duk kwastomominki ita suka sani.

Amma ni rufewar ma ba ita ta fi damuna ba. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga wayarki zuwa wayar wanda kika tura wa, ko kamfanin da kansa ba ya iya karantawa a hanya. To amma wa ke buɗe saƙon idan ya iso? manhajar da ke cikin wayarki ce, ita ke riƙe da mukullin. Kinga kenan kin sa wa akwatinki kwaɗo mai kyau kin kuma miƙa mukullin ga mutumin da ko sunansa baki sani ba, hotunan rasit na kwastoma da lambobin akawun da hirarki da maigida duk ta hannunsa suke bi. Kuma abin ya faru a zahiri, a 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada ɓoye cikin FMWhatsApp, a 2022 ya sake samun ta cikin YoWhatsApp, aikinta ta sauko da wasu abubuwan a ɓoye ta yi wa mutum rajistar biyan kuɗi bai sani ba, har akawun ɗin ma ana iya ƙwace shi.

Sannan yawancin abubuwan da suka ja mutane zuwa GB ai yanzu ta asalin ta kawo su, ɓoye cewa kina kan layi ya zo a 2022, gyara saƙo cikin minti 15 da kulle hira da tura hoto mai kyau da sa lamba biyu a waya ɗaya duk sun zo a 2023. Ke da kike kasuwanci ma WhatsApp Business ya fi dacewa da ke, tun 2018 yake, kyauta ne, zaki jera atamfofinki da farashinsu mutum ya duba da kansa ba sai ya tambaye ki sau goma ba. Abin da zaki yi shi ne ki fara kwashe hotunan da lambobin da kike buƙata ki ajiye su daban, domin galibi hirarrakin GB ba sa bin mutum zuwa ta asali, ki jira lokacin dakatarwar ya cika, ki goge GB, ki sauko da ta gaskiya daga Play Store. Kina gamawa ki shiga setin, wurin Account, ki kunna Two-step verification ki sa lambar sirri guda 6 da ke kaɗai kika sani. Wannan na ƙarshen ina nanata shi ne saboda gwaggota, wani ya kira ta da murya mai ladabi ya ce shi daga guruf ɗin islamiyyarsu yake za a yi taro ta waya ta karanto masa lambar da aka turo mata, ta karanta, kafin la'asar yana ta roƙon kuɗi wurin 'yan'uwa da sunanta, mutum biyu sun tura kafin mu ankara. Da ta sa wannan lambar ta biyu da bai iya shiga ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kaduna: Slm Malam, an turo wani linki a guruf ɗin ajinmu wai gwamnati na raba tallafin ɗalibai, na buɗe naga adireshin ya fara da https kuma abokina yace indai akwai kwaɗo a sama to shafin na gaskiya ne, sun nemi BVN da lambar katin ATM, na cike rabi sai jikina ya bani na tsaya, ya kake gani?

Amsa: Ƙanena jikinka ya gaya maka gaskiya, ka gode Allah. Abokinka kuma ba laifinsa bane, haka aka koya mana duka shekarun baya, a duba kwaɗo a duba https, kuma a lokacin maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya saboda takardar shaidar da ke kawo kwaɗon sai an saya da kuɗi, 'yan damfara basu cika wahalar da kansu ba. Amma tun wajen 2016 wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ke bada wannan shaidar kyauta ga duk mai shafi cikin 'yan mintuna, wanda abu ne mai kyau ƙwarai ga intanet gaba ɗaya, sai dai shi ma ɓarawo yana karɓa kamar kowa. Abin da kwaɗon ke nufi kawai shi ne ba mai leƙa abin da kake rubutawa a tsakaninka da shafin, bai ce komai ba a kan halin mai shafin. In ɓarawo ne to lambar katinka zata isa hannunsa lafiya lau ba wanda ya gani a hanya. Shi yasa ma Google ya cire alamar kwaɗon daga Chrome a 2023 ya sa wata alama daban, saboda mutane da yawa suna fahimtar ta kamar yadda abokinka ya fahimta.

Abin dubawa shi ne sunan shafin kansa, kuma yana da yadda ake karanta shi. Ka tsallake https ɗin da sandunan nan biyu (//), ka tafi har inda ka ci karo da sanda (/) ta farko da ta tsaya ita kaɗai, to abin da ke dab da ita ta hagu shi ne ainihin mai gidan. Hukumomin gwamnatin Najeriya shafukansu da .gov.ng suke ƙarewa, ba kowa ake ba wannan ba. 'Yan damfara sun san da haka sai su jera kalmomi irin su gov da ng da sunan ma'aikata a farkon adireshin don ido ya gani ya natsu, can ƙarshe kuma sai kaga ya ƙare da wani abu dabam da bai da alaƙa da gwamnati. Wasu kuma su gajarce linkin gaba ɗaya yadda ba zaka ga komai ba sai ka danna.

Ko ma ba ka iya karanta adireshi ba akwai alamar da ba ta ɓuya, wanda zai BAKA kuɗi lambar akawun kawai yake buƙata. Lambobi 16 na gaban kati da ukun nan na baya da ranar ƙarewar kati da lambar da banki ke turowa ta tes, waɗannan duk kayan CIRE kuɗi ne. Haka in shafi ya ce sai ka tura wa mutum 10 ko guruf 5 kafin a baka, rufe kawai. Tunda ka ce ka cike rabi, in har ka rubuta lambar katin ko da baka danna tura ba ni shawarata ka je banki ko ka kira lambar da ke bayan katin a toshe shi a baka sabo, wasu shafukan suna kwashe abu tun kana rubutawa. Kuma dan Allah ka koma guruf ɗin ka faɗa musu, ƙila akwai wanda bai tsaya ba.

Tambaya daga Maraɗi: Malam ina kwana, forfe ɗina, wato datar da nake saye, baya kwana uku ya ƙare, an ce in koma Opera Mini, kuma na sa manhajojin share waya har biyu amma wayar sai ƙara nauyi take.

Amsa: Lafiya lau ɗan'uwa, a gaida mutanen Maraɗi. Opera Mini tana taimakawa in karatu kake yi, domin shafin yana fara bi ta kwamfutocin kamfanin su matse shi kafin ya iso wayarka, amma ba a burauza datarka ke tafiya ba, bidiyo ne. Ka hana Facebook kunna bidiyo da kansa, ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon guruf sai ka danna, ka sa Play Store ya daina sabunta manhajoji sai da Wi-Fi, sannan ka shiga setin ɗin waya wurin data zai nuna maka wace manhaja ta ci nawa. Masu share wayar nan kuma goge su duka biyun yau, su da kansu suke zama a baya suna jan talla da datarka suna cin batir. Android tana iya kula da memorinta, in wuri ne ya cike Files ta Google ta isa.

Tambaya daga wani dattijo mai shagon buga takardu a Kano: Assalamu alaikum. Ina da kwamfuta uku a shago, duka na hannu ne na saya, Windows 10 ke kansu, Office da CorelDRAW kuma mai gyara ne ya sa min irin wanda ba a biya. Yarana sun ce wai Windows 10 ta mutu. Shin sai na sayi sababbi? Kasuwa ba ta kai haka ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara buɗi. Ba ta mutu ba, gobe ma in ka kunna zata tashi ta yi aiki. Abin da ya faru shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko mata da gyaran tsaro na kyauta da ya saba aikowa duk wata, ya dai buɗe wani shirin ƙarin wa'adi na shekara guda zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Ma'ana in ba ka cikin wannan shirin, duk ɓarakar da aka gano daga baya haka zata zauna a buɗe. Kuma mun ga abin da hakan ke jawowa, a watan Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda basu sabunta ba ko suke kan tsohuwar Windows.

Shago irin naka Baba ya fi kowa shiga haɗari, domin fulash ɗin mutum nawa ake sokawa a kwamfutarka a rana? ɗalibi ya kawo furojet, mai neman aiki ya kawo takardunsa, mai biki ya kawo katin gayyata, kowa da abin da fulash ɗinsa ya kwaso daga wani wuri. Ga kuma maganar kirak ɗin nan, wato manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba a biya ba, wanda nasan kusan kowane shago haka ake yi kuma ba don mugunta ba, kuɗin lasisi da dala ne. Amma ka tuna lokacin da mai gyaran zai sa maka ai sai da ya kashe antibairos tukunna, to dalilin kenan, abin da ke fasa manhajar ba wanda ya san me kuma ya shigo da shi, kuma takardun da ke kwamfutar ba naka bane kai kaɗai, akwai hoton fasfo da lambar NIN da takardun filin mutane, amana ce.

Ga yadda zan yi in ni ne. Farko a duba ko cikin ukun akwai wadda zata ɗauki Windows 11, tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa wanda in Intel ne daga ƙarni na 8 zuwa sama, wato kusan na 2017 zuwa yau, in ta cika sharaɗi kuma Windows ɗinta mai lasisi ce hawan kyauta ne. Wadda ake CorelDRAW a kanta in ba zata hau ba a cire ta daga intanet gaba ɗaya ta zama ta zane kawai, kar a riƙa soka mata fulash ɗin kwastoma kai tsaye. Wadda ake taifin da shiga intanet don yi wa mutane rajista kuma ita nake so ka gwada Linux Mint a kai, ita ma manhajar tafiyar da kwamfuta ce da ake sawa a madadin Windows, kyauta ce ta halal ba sata ba, fuskarta kusan irin ta Windows, tana tafiya da sauri a tsofaffin kwamfutoci, kuma cututtukan fulash da aka rubuta don Windows ba sa tashi a kanta. Tana zuwa da LibreOffice a ciki, wanda wata gidauniya mai zama a Jamus ke kula da shi tun 2010, yana buɗe takardun Word da Excel yana kuma ajiyewa a tsarinsu.

Ba zan ɓoye maka inda zaka ji ciwo ba. Takardar Word mai tebura da yawa da ado wani lokacin tana ɗan gocewa in an buɗe ta a LibreOffice, sai an gyara, maganin shi ne ka riƙa cewa kwastoma su kawo PDF in bugawa kawai za a yi. CorelDRAW ba ya hawa Linux, akwai Inkscape mai kama da shi amma yaran da hannunsu ya saba sai sun yi makonni kafin su sake. Kuma a gwada firintarka tukunna, ana iya tada Linux Mint daga fulash a gwada komai ba tare da an goge Windows ba, in firinta ta amsa sai a sa. Da kwamfuta ɗaya zaka fara Baba, kar a taɓa ukun rana ɗaya kasuwa ta tsaya.

Tambaya daga wata malamar Hausa a Katsina, na bar ta yadda ta rubuto: Malam ni matsalata haruffa masu lankwasa, ina koyar da yara su rubuta su a allo amma ni kaina a waya da kwamfuta bana iya sa su, kuma wata tsohuwar jarabawa da na buga shekarun baya da na bude ta a wata kwamfutar sai naga duk inda suke ya koma wasu alamomi, ko akwai mafita?

Amsa: Malama akwai, kuma wannan tambayar ta fi kowacce yi min daɗi domin abin yana ci min rai. Mun saba da rubutu ba lanƙwasa har muna ganin ba komai, alhali baƙi daban baki daban, ƙafa daban kafa daban, ƙasa da kasa, ɓata da bata, kuma wanda ya rubuta wa mutum karya yana nufin ƙarya ya san rigimar da zai iya jawowa. Mu manya muna cankowa daga ma'anar jimla, yaron da ke koyo fa? ga kuma manhajojin fassara da masu karanta rubutu da murya, daga abin da muke rubutawa suke koyon Hausa, in mun basu gurguwa ita zasu dawo mana da ita.

Abin da ya sami jarabawarki shi ne da tsohon salon harafi aka buga ta. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffan Rabi'at da Abdalla, kuma sun yi wa Hausa hidima sosai a lokacin da ba wata hanya, ɗab'i da yawa da su aka yi. Yadda irin waɗannan ke aiki shi ne an ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba an zana ƙ ko ɗ a wurin, to in takardar ta je kwamfutar da ba ta da salon sai alamar asalin ta fito. Yanzu kuwa kowane harafinmu yana da lambarsa ta kansa a tsarin Unicode da duk duniya ke bi, duk inda kika tura shi a matsayinsa zai isa.

A waya ki sauko da Gboard, wato kibod ɗin Google, in babu, ki shiga setin ɗinsa wurin harsuna ki ƙara Hausa, daga nan in kika danne k ko d ko b kika ɗan riƙe zaki ga mai lanƙwasar ta fito, har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. A Windows ma akwai kibod ɗin Hausa a wurin harsuna, in kin ƙara shi sai ki riƙe Alt na hannun dama ki danna harafin. In kuma kwamfutar makaranta ce ba a barin ki canja komai, a cikin Word ki rubuta 0199 ki danna Alt da X tare zai koma ƙ, 0257 ya bada ɗ, 0253 ya bada ɓ, manyan kuma 0198 da 018A da 0181, LibreOffice ma yana karɓar wannan dabarar. Tsohuwar jarabawar kuma ba sai kin sake bugawa ba, ki kwafi alamar da ta fito a gurbin ƙ ki sa a wurin nema da musanyawa na Word ki ce ya maye ta da ƙ ta gaskiya a duk takardar, ki yi haka ga ɗ da ɓ da manyansu, minti biyar ya isa, sai ki zaɓi salon harafi irin Times New Roman ko Arial na yanzu ki ajiye kwafi ɗaya a PDF don ranar bugawa.